Injin Kawu Mansur da Gadar Gora

Ba a yin wata guda sai wata ta turo min saƙo daga gida: "Anti Bilki, don Allah ki samo min irin aikinki. An ce kwali kawai kike liƙewa a cikin sanyin esi." Na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya. Ga amsar nan a dunƙule. Wadda za ta karanta ta karanta, wadda ba za ta iya ba ta bar ni in huta.

Ina aiki a wani shagon aika kaya a Muntaza, cikin Doha. Kago ake ce wa sana'ar. Ma'aikaci ya tara abin da ya tara, ya kawo mana, mu ɗaure, mu auna, mu ɗauki alkawarin zai isa ƙofar gidansu a ƙasarsu. Yawancin masu zuwa wurinmu 'yan Indiya ne. Ni 'yar Malumfashi ce, sakandare na gama, kuma kafin in zo nan abin da na sani game da Indiya bai wuce rawa da waƙa a talabijin ba.

Kwalin farko da na ɗaure na wani mai gadi ne. Barguna, dabino, sabulu, garin lemo, tukunyar lantarki, takalman yara. Na jera, na cusa soso a kusurwoyi, na ja salatif har sai da kwalin ya yi ƙyalli. Mai shagon, wani dattijo ɗan jihar Kerala ta Indiya da kowa ke kira Mudir, ya zo ya zagaya shi. Sai ya sa aka cicciɓa aka ɗora min a ka.

"Yalla, maza," ya ce. "Je ki ƙarshen layi ki dawo."

Na ce, "Mudir, ni fa ba 'yar dako ba ce."

"Na sani. Je ki."

Na tashi da ɗaukar ruwa, ba baƙuwar kaya a ka ba ce, amma babu gammo, ga ranar Doha, ga kwalin ya rinjaya gefe ɗaya don tukunyar tana kusurwa. Ban kai shagon mai shayi ba wuyana ya ce bai san zancen ba. Da na dawo Mudir yana zaune yana fifita da guntun kwali. Ya ce kowane sabon ma'aikaci sai ya yi wannan tafiyar, har ɗan cikinsa. Ya ce, "Jirgin ruwa bai damu da kwalinki ba. Jirgin ƙasa bai damu ba. Babbar mota bai dame ta ba. Mutum ɗaya ne zai damu, wanda zai ɗauka a ƙarshe. Shi kike ɗaure wa. Kafin ki ja salatif, ki tambaya: wa zai ɗauka a ƙarshe?"

Sana'ar ke nan gaba ɗaya. Sauran duk kayan aiki ne, kuma ba su da yawa: sikeli na ƙasa, bindigar salatif, reza, ledar naɗi, igiyar roba da abin matse ta, soso, baƙar maka ta rubutu a jikin kwali. Yaro ma zai koyi riƙe su kafin azahar. Abin da ke cin shekaru shi ne koyon tambaya. Mutum zai ce miki garinsu kaza, jiha kaza, ya tsaya. Ke kuma ba za ki tsaya ba. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa garin, mota ce ko me? Kwalta ce ko turɓaya? Motar tana shiga har ƙofar gida ko tana tsayawa a kasuwa? Akwai ruwa a hanya? Sunan ƙauye ɗaya sai ki same shi a wurare barkatai a ƙasar nan, don haka sai kin tambayi kasuwar da ta fi kusa, da kogin da ya fi kusa. Wasu su ji haushi, su ce ke 'yar sanda ce? Ina ce musu a'a, na fi 'yar sanda damuwa da tukunyarku.

Daga bakin kwastomomi na san girman Indiya. Wani ya ce min kayansa bayan sun sauka daga jirgin ruwa sai sun yi tafiyar da ta ninka Legas zuwa Maiduguri kafin su shiga jiharsu. Wani gidansu a kan dutse yake, jaki ne ke kai kaya. Wani a cikin fadama, sai kwale-kwale. Kuma kowannensu in kika tambaye shi sai ya ce, "Ƙaramin ƙauye ne." Ranar da wani ya nuna min ƙaramin ƙauyen nasa a waya, lokacin tashi daga makaranta, na ga yara suna fitowa, suna fitowa, ba su ƙare ba har bidiyon ya ƙare. Na ce masa a wurinmu wannan ai sai a ba shi ƙaramar hukuma.

Kayan da ba na son tunawa na shekarar korona ne. Jirage suka tsaya, aiki ya tsaya, shago ya zama kango. Da aka fara buɗewa, abin da ya riƙa shigowa kayan mutanen da aka sallama ne, da kayan waɗanda ba za su koma da ƙafarsu ba. Abokan ɗakin mamaci su kawo akwatinsa, su tsaya cirko-cirko. A nan na koyi cewa ba a cusa rigar mamaci a kusurwa a madadin soso, ko da wuri ya rage. Ana ninke ta a sa a sama, ta zama abin da matarsa za ta fara gani. Mudir bai rufe shago ba, amma mu uku muka rage: shi, ni, da Malam Ɗanladi direbanmu, mutumin Yawuri, wanda kafin ya zo Doha ya yi shekaru yana tuƙa jirgin inji a kogin Neja.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya zo bayan nan, a ƙarshen sanyi. Wata Juma'a da la'asar sai ga wata akori-kura ta tsaya a ƙofar shago, mutum shida suka sauko da wani akwatin katako kamar za a kai gawa. Gabansu wani dattijo mai jan gemu na lalle, Mansur sunansa, direban gida ne a wurin wani Balarabe. Ya girme wa babana, don haka Kawu nake ce masa, shi kuma yana ce min "beti", wato 'yata da yarensu. Hausar da za ku ji a bakinsa tawa ce. Maganarmu ta gaske gauraye ce, Turanci kaɗan, Larabci kaɗan, sauran da hannu.

"Mene ne a ciki, Kawu?"

Ya shafa akwatin kamar doki. "Inji ne, beti. Injin jirgin ruwa."

Kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, yana da jirgin kamun kifi. Ya sayi sabon inji, ya ba Kawu tsohon kyauta. Kawu ya kai wa kafinta, aka yi masa akwati na katako mai kauri, da ƙafafu a ƙasa don injin ɗaga kaya ya samu wurin zura haƙoransa. Aiki mai kyau, ban raina kafintan ba. Sikeli kuwa da muka ɗora sai da allurar ta yi kamar za ta gudu.

Na fara tambayoyina. Jihar Bihar, ya ce. Daga tashar ruwa, jirgin ƙasa ko babbar mota har babban garin yankinsu. Daga nan ƙaramar mota zuwa wata kasuwa. Daga kasuwa, amalanken shanu, don hanyar yashi ce. Amalanke ya tsaya a bakin kogi.

"Sai me?"

"Sai gada."

"Wace irin gada?"

Ya ciro waya ya nuna min. Na karɓi wayar na ƙura wa hoton ido. Kogi ne wanda ba a hango ƙarshen faɗinsa sosai, ƙauyen yana tsakiya, ruwa ya raba biyu ya zagaye shi. Daga gaɓa zuwa ƙauyen an kafa gora a cikin ruwa, an saƙa wata a kai kamar asabari, siririya, faɗin mutum ɗaya. Babu ƙarfe, babu siminti. Kawu ya ce duk shekara bayan ruwa ya janye mutanen ƙauye ke sare gora su gina ta da hannunsu, duk damina kuma kogi ya zo ya tafi da ita. Tun kakanninsa haka ake yi. Ba sa fushi da kogin. Su gina, ya ɗauke, su sake ginawa.

Ni da na fito daga inda rafi ke bushewa da rani har yara su buga ƙwallo a cikinsa, na ce, "To in ya ɗauke fa?"

"Sai kwale-kwale da filafili. Ruwa yana da ƙarfi, sai ya ja ku can ƙasa kafin ku kama gaɓa. Wani lokaci rabin yini."

A nan ya faɗi dalilin injin. 'Yarsa Salma tana da ciki, haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina. Cikinta na fari ma haka ya faɗo. Naƙuda ta yi gardama, aka sa ta a kwale-kwale za a kai ta asibiti a ƙetare, jaririn bai kai gaɓa da rai ba. Likita ta ce wannan karon kada a kuskura a jira a gida. Kawu yana son injin ya riga ruwa isa, a ɗaura shi a jirgin ƙauyen. In ruwa ya riga shi, hanyar amalanke ta nutse, wakilinmu na can ba ya kai kaya sai bayan damina, akwati ya zauna a sito har yarinya ta haihu ko kada ta haihu.

Na ce, "Kawu, wannan akwatin ba zai hau gadar nan ba."

"Zai hau. Maza goma za su ɗauka."

"Maza goma a kan abin da faɗinsa mutum ɗaya ne?"

"Mun ɗauki injin ban ruwa a kanta ina saurayi. Beti, ke ba ki san ƙauyenmu ba. Mutane ne kamar tururuwa. Masallatai uku, ga wurin bautar maƙwabtanmu, ga makarantu. Ranar Idi fili ba ya ɗaukarmu."

Mutanen da suka rako shi duk suka gyaɗa kai. 'Yan ƙauyensu ne, ɗaki ɗaya suke haya a unguwar Farij Abdul'aziz. Ni kuma tambayar Mudir tana cina. Na ce, "To faɗa min su. Wa da wa za su ɗauka?"

Ya yi dariya ya ɗaga yatsa. "Jamil, ɗan ƙanena. Ƙato ne, shi kaɗai ma..."

Wani daga baya ya ce, "Jamil yana Dubai tun bara."

"To, Anwar."

"Anwar yana Delhi, yana gini."

"Mijin Salma fa?" na tambaya.

"Yana Saudiyya," in ji Kawu, murya ta fara sauka. "To 'ya'yan mai gidan kusa da mu, su uku ne."

"Lokacin da kayan za su isa sun tafi Punjab dashen shinkafa. Kowa yana tafiya," in ji na bayan.

Kawu ya ce, "Rafik!"

Sai wani siriri da ke jingine da ƙofa ya ɗaga hannu. "Ga ni nan, Kawu. Ni na kama maka akwatin yanzu."

Aka kwashe da dariya, har Mudir. Kawu bai yi ba. Ya tsaya da yatsunsa a sama, yana ta motsa baki, yana kiran sunaye a ransa, yana ajiye su ɗaya bayan ɗaya. Shekarunsa da yawa a Doha, kuma duk zuwansa gida da Salla yake zuwa, lokacin da kowa ya dawo. Ƙauyen da yake gani cike yake. Bai taɓa ganinsa a watan da injin zai isa ba. Ƙauyen yana da jama'a, gaskiyarsa, amma jama'ar tana cika tana janyewa kamar kogin nasu. A wannan watan mata ne, da tsofaffi, da yara.

Ya zauna a kan akwatin. "To wa zai ɗauka?"

Na ce, "Matan. Kuma mace ba ta ɗaukar akwati, Kawu. Kaya take ɗauka a ka."

Malam Ɗanladi, da tun ɗazu yake leƙen injin ta tsakanin katako kamar mai leƙen amarya, ya ce min da Hausa, "Bilki, gaya masa a buɗe. Irin wannan na sha kwance shi a Yawuri. Kashi-kashi ne, kamar rago."

Kawu ya ƙi. Ya ce injin da aka kwance ya mutu, wa zai haɗa shi a can? Makanikin ƙauye yana Mumbai. Ya ce gara ya kai wani shagon da ba a yi masa surutu. Na ce, "Kai shi. Za su karɓa da murna, su ajiye maka shi a bakin kogi, shanu su riƙa sosa jiki da shi har kaka." Mudir ya harare ni, amma bai ƙaryata ni ba.

Wayar da Kawu ya yi gida ce ta raba gardamar. Matarsa, Inna Zarina, ta fito a fuskar waya da mayafi a ka, ya yi mata bayani, ta yi masa wata magana mai tsawo da sauri, mutanen ɗakin suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Rafik ya fassara min: ta ce tun da ya tafi wa yake zaton yana kwance injin ban ruwa in ya ƙi tashi, aljanu? Ta ce a aiko shi gunduwa-gunduwa, a nuna mata sau ɗaya.

Washegari da safe Malam Ɗanladi ya shimfiɗa tabarmar leda a bayan shago. Ya tsiyaye mai da baƙin mai tas, don jirgi ba ya karɓar inji da ɗigon fetur. Ya cire murfi. Ya raba kai da wuya, wuya da ƙafa, ya zare farfela. Ni ina ɗaukar bidiyon hannunsa. Matsalar ita ce yadda Inna Zarina za ta gane wane noti ne na wane rami, ga shi ba ta karatun boko, ba ma jin yaren juna. Na shiga shagon kayan kwalliya na kusa na kwaso jan farce kala-kala. Duk inda abu biyu suka rabu, mu ɗiga kala ɗaya a kowane gefe. Ja ya nemi ja, shuɗi ya nemi shuɗi. Notukan kowane wuri a ƙulle cikin leda da ɗigon kalarsu.

"Yau ga inji ya sha kwalliya," in ji Malam Ɗanladi. "Saura gazal."

"Malam, kai dai riƙe sifana."

Yana cikin aiki sai ya tsaya. Ya ce a nuna masa jirgin ƙauyen, ta baya. Kawu ya sa aka ɗauko hoto. Jirgin katako ne mai tsini gaba da baya, kamar ɗan dabino. Malam Ɗanladi ya ce, "Ai ka gani. Ina za a maƙala shi? Injin nan yana son allo miƙaƙƙe." Ya juya ya dubi akwatin da Kawu ke ta jimami a kansa. Ya ɗauko zarto. Daga katakon akwatin ya yanka allo mai kauri da maƙalai biyu da za a ɗaure a gefen bayan jirgi, ya huda ramuka, muka ɗiga musu ruwan hoda. Kawu ya ga akwatinsa zai je gida ko ta wace hanya, ya ɗan saki fuska.

Ɗaurin nawa ne. Kowane kwali na ɗora shi a kaina na je ƙarshen layi na dawo, mai shayi yana min tsiya wai an mayar da ni aji ɗaya. Wanda ya rinjaya na kwance na sake. Nauyi a tsakiya, a ƙasa. Leda ciki, leda waje, don ruwa ne a gaba. Kwali kada ya fi faɗin kafaɗa, don mai tafiya a kan gora tana bukatar ganin ƙafarta. Kan injin ne ya gagara, ya fi ƙarfin wuya ɗaya, sai muka yi masa kunnuwa na igiya da za a zura gora, mace a gaba mace a baya. A saman kowane kwali na naɗa gammo da tsofaffin tsummoki na liƙa. Kawu ya ɗaga ɗaya yana juyawa. "Ku ma kuna da wannan?" Na ce, "Kawu, a kansa aka raine mu."

Mudir ya yi fama da takardun kwastan, don tsohon inji ba ya wucewa da sauƙi. Kaya suka tafi. Daga nan sai jira, kuma a sana'ar nan jira ma aiki ne. Kullum ina bin sawu. Jirgi ya makara a teku. A tashar ruwa aka riƙe kayan ana bincike. Kawu ya daina kira, sai dai ya zo da kansa duk ranar hutunsa ya zauna a kan benci yana kallona kamar ni ce kogin. A Doha sama fes, zafi kamar a gasa gurasa a kan mota. A ƙauyen ma ba a fara ruwa ba. Amma Inna Zarina ta ce kogi ya fara canza launi. Na ce yaya kogi zai cika ba a yi ruwa ba? Rafik ya ce daga duwatsun Nepal yake zuwa. Ana ruwa a wata ƙasa, ku kuna zaune rana tsaka, sai ku ga gaɓa tana matsowa.

Ranar da amalanke ya isa bakin kogi, hantsi ne a nan. Mai amalanken ya sauke kaya a kan yashi ya juya da shanunsa da sauri, don ruwa ya fara lasar hanyar da ya biyo. Kawu ya shigo shago da gudu, waya a hannu, wata jikarsa tana nuno mana bidiyo kai tsaye daga can. Muka taru a kai, ni da Mudir da Malam Ɗanladi da wani kwastoma da ba mu san shi ba.

Ruwan ya zama ja kamar kunun kanwa, yana gudu, yana ɗauke da rassan itace. Gadar da na gani a hoto tsaye a sama, yanzu ruwa yana taɓa cikinta. Tana rawa. Sai ga mata sun fito daga ƙauyen a jere, zannuwansu kala-kala, sun tattare su zuwa gwiwa, babu takalmi. Suka ƙetaro. Kowacce ta ɓalle gammo ta ɗora a ka kamar ita ta naɗa shi, aka ɗora mata kwali. Babu mai ba da umarni. Su da kansu suka bar tazara tsakaninsu, kada nauyi ya taru a wuri ɗaya. Akwai tsohuwar da ta kai kakata, ita ta ɗauki farfela. Wata da goyo a gefe ta ɗauki tankin mai. Inna Zarina da wata doguwa suka zura gora a kunnuwan kan injin, suka shiga a ƙarshe.

Na ga rubutun hannuna yana tafiya a kan ruwa. Baƙar makar da na yi amfani da ita tana aljihuna a lokacin.

A tsakiyar gadar wani reshe ya zo ya doki ƙafafunta. Gadar ta karkata. Layin gaba ɗaya ya tsaya cak, ba wadda ta yi ihu, ba wadda ta kai hannu ga kwali. Suka tsaya kamar an dasa su, wuya a miƙe, har reshen ya zame ya wuce. Sannan ta gaba ta ɗaga ƙafa. Malam Ɗanladi yana ta "La haula" a hankali. Mudir ya cire tabarau ya goge ya mayar. Da kan injin ya taɓa ƙasar ƙauye, Kawu ya zauna a kan sikelinmu, allura ta juya, ba wanda ya ce ya tashi.

Haɗawar ta ɗauki kwanaki, ta waya, a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Malam Ɗanladi yana magana da Hausa, ina juyawa zuwa Turanci, Rafik yana juyawa zuwa yarensu, amma yawanci kafin maganar ta isa Inna Zarina ta riga ta ga ja ta nemo ja. Sau ɗaya ya ce ta ƙara matse wani noti, ta ce ya matsu, ya ce bai matsu ba, ta kawo wayar dab da notin ta ja sifana ya gani bai motsa ba. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Bilki, ce mata in tana son aiki a Yawuri akwai." Wani tsoho da ke tuƙa jirgin ƙauyen ya ɗaure allon akwati a baya. Aka ja igiya, ya yi tari ya mutu. Aka sake. A ja na nawa ne ban sani ba, ya kama, yara suka watse da gudu, awaki suka tsinke. Ba a yi mako ba kogi ya tafi da gadar.

Haihuwar ta zo da rana, ana tsuga ruwa. Ba mu gani a lokacin ba, sai daga baya Kawu ya kawo bidiyon tare da kwalin alewar madara. Jirgin yana yanka jan ruwan nan a miƙe, bai bar kogi ya ja shi ƙasa ba. Tsohon yana nuna hanya da hannu, Inna Zarina ce riƙe da injin, mayafinta ya jiƙe ya manne. An kai Salma a kan lokaci. Aiki aka yi mata, mace ta haifa, suna lafiya su biyun.

Na ce ya mayar da bidiyon baya, akwai abin da na hango. A cikin jirgin, ƙarƙashin Salma, an shimfiɗa wani abu don kada katako ya ci mata baya, an rufa mata leda a sama. Kwalayena ne, an buɗe su an baje. Ledar naɗinmu ce. Kanta kuma yana kan gammo.

To, ke mai son aikin sanyin esi, ban hana ki zuwa ba. Ki zo. Ranar farko zan ɗora miki kwali a ka in nuna miki ƙarshen layi.